Mai Jinyar Tsoho a Ƙauye: Ina Za Ta Nufa In Ta Gaji?

Ranar da Yaya ta yanke jiki ta faɗi a bakin rijiya, shekarar Baba biyu da wata huɗu kenan a kwance. Guga na hannunta, tana janyo ruwan da za ta wanke zannuwan da ya ɓata da daddare, kawai sai yara suka ga ta sulale ƙasa. Da muka ɗauke ta a mashin zuwa ƙaramin asibitin mazaɓarmu, malamin asibitin ya ɗaura mata abin awo a damtse, ya kalli abin ya ɗago ya kalle ni, ya ce Malam, wannan baiwar Allah yaushe rabonta da bacci? Wallahi na rasa amsar da zan ba shi don ban sani ba. Na san sunan kowane maganin Baba, na san ranar da zai ƙare, duk ƙarshen wata ina turo kuɗi a cira a wajen mai POS, amma ban taɓa tambayarta awa nawa take runtsawa ba. Ashe jininta ya hau har ya fi na wanda take jinya.

Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Ringim, ƙafarmu ɗaya a Jigawa ɗaya a Kano, don rabin samarin garinmu a Kano suke neman abinci. Tun daga ranar nan na shiga bin ofisoshi da malamai da ma'aikatan lafiya ina tambaya, shin wai akwai wani taimako da aka tanada wa wanda yake kula da tsoho? Abin da na gano shi ne zan baje a nan, kuma tun farko bari in faɗi gaskiyar yadda na ga abin: ƙofofin taimako akwai su, ba su da yawa kuma ƙanana ne, sannan kusan dukkansu da sunan tsohon aka buɗe su, ita mai jinyar babu wanda ya rubuta sunanta a ko'ina. To amma duk abin da ya rage wa tsoho wahala ya rage mata, shi ya sa sanin ƙofofin nan yake da amfani, kuma da yawanmu ba mu san da su ba sam.

Na ce "ita" da gangan. Ku duba gidajen garinku ku faɗa min wa yake tashi ƙarfe biyun dare in tsoho ya yi tari. Ko matarsa ce wadda ita ma tsufan ya kama ta gwiwa na ciwo, ko 'yarsa bazawara ko wadda mijinta ya rasu ta dawo gida, ko matar ɗa da aka kawo ta gidan gandu tana da goyo da tsohon ciki, ko kuma wata jika 'yar shekara 12 da aka cire daga makaranta aka ce je ki zauna da kakarki. Mu maza damina na wucewa mun tafi ci-rani, Kano, Abuja, Legas, Fatakwal, sai waya, "ya jikin Baba?" a ce da sauƙi, shikenan mun sauke nauyi. Ita ce ɗagawa, ita ce kwantarwa, ita ce wanka da kai fo, ita ce dama kunu ta zauna tana ba shi cokali-cokali na kusan awa guda, ga surfe ga girkin gida ga nata 'ya'yan, biki ya wuce ta suna ya wuce ta, 'yar sana'ar ƙuli-ƙuli ko awarar da take samun na sabulu ta mutu. In ta buɗe baki ta ce na gaji sai a ce haba, ke da kike neman Aljanna, yi haƙuri. Haƙurin gaskiya ne ladan ma gaskiya ne, amma jikin mutum ba ƙarfe ba ne.

Bari in fara da gwamnatin tarayya don a nan ne takardu suka fi yawa. Akwai dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, dokar 2017 ce, marigayi Shugaba Buhari ya sa mata hannu a farkon 2018, amma cibiyar ba ta fara aiki ba sai 2021 da aka naɗa Dakta Emem Omokaro ta shugabance ta. A wannan shekarar ta 2021 ɗin ne kuma majalisar zartarwa ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. Abu ne mai kyau a ce ƙasa ta yarda a rubuce cewa tsofaffi suna da haƙƙi, kuma cibiyar ta yi aiki wajen tsara yadda za a horar da masu kula da tsofaffi ya zama sana'a mai takarda. Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya, dokar nan ba ta yanka wa mai jinya albashi ba, kuma daga Abuja zuwa ɗakin Baba tafiya ce mai nisa. A Ingila wanda yake kula da mara lafiya ko tsoho na awa 35 ko fiye a sati yana iya neman alawus na mai jinya daga gwamnati in ya cika sharuɗɗa. Mu nan ba mu kai wajen ba. Ko a cikin gida Najeriya jihohi ne jefi-jefi suka taɓa gwada biyan tsofaffi, kamar Ekiti da ta fara ba 'yan shekara 65 zuwa sama naira 5,000 a wata a 2011.

Ƙofar da na ga ta fi kusa da talakan ƙauye ita ce ta katin lafiya, kuma ita zan fi daɗewa a kai. Asalin abin daga dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 yake, wadda ta ce a riƙa ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya a zuba a wani asusu na kula da lafiya a matakin farko, shi ne za ku ji ma'aikata suna ce masa BHCPF. Kuɗin nan kashi-kashi ake yi da shi, wani kaso yana tafiya kai tsaye ga ƙananan asibitoci don magani da gyare-gyare, manufar ita ce kowace mazaɓa ta samu aƙalla asibiti ɗaya mai aiki, wani kason kuma kusan rabi ana biya wa marasa ƙarfi kuɗin inshora da shi. Sai kuma dokar inshorar lafiya ta 2022 ta zo ta lissafa waɗanda ake kira masu rauni, yara 'yan ƙasa da shekara 5, mata masu ciki, masu buƙata ta musamman, matalauta, da tsofaffi. Kun ga kenan tsoho yana ciki da sunansa, ba alfarma ake masa ba.

A jiha kuma hukumar taimakekeniyar lafiya ce take riƙe da rajistar, a Kano KSCHMA wadda aka yi dokarta a 2016, a Jigawa kuma JICHMA. Yadda abin yake tafiya shi ne ana ba kowace mazaɓa gurbi ƙididdigagge, Jigawa mazaɓu 287 ne a ƙananan hukumomi 27, Kano kuma 484 a ƙananan hukumomi 44, to in aka raba guraben sai ka ga abin da ya zo wa gari guda bai taka kara ya karya ba, kuma wanda ya ji labari da wuri shi ne yake shiga. A nan ne ake barin tsoffin da suke kwance a baya, don ranar da masu rajista suka zo da kwamfutarsu suka zauna a ƙofar gidan dagaci, wanda yake iya takawa shi zai je layi, wanda ya shekara biyu bai leƙa zaure ba wa zai tuna da shi? Don haka in kina jinyar tsoho ko kana da shi a gida, kada ku jira sanarwa. Ku je wajen incajin asibitin mazaɓarku ku tambaye shi kai tsaye ko asibitin nan yana cikin tsarin, yaushe ake sabuwar rajista, ku sa ya rubuta sunan tsohon ya ajiye. Ku sanar da mai unguwa da shugaban kwamitin cigaban mazaɓa, waɗannan kwamitocin su ne ido a kan asibitin kuma yawanci da su ake zaƙulo sunaye. Sannan lambar NIN, wannan ita ce ta fi ba mu wahala, don yanzu kusan duk wani tallafi sai da ita kuma tsofaffi da yawa a karkara ba su da katin ɗan ƙasa, wasu zanen yatsunsu ma ya shafe saboda noma na'ura ba ta ɗauka da sauƙi. Mu sai da muka ɗauki shatar mota muka kwantar da Baba a kujerar baya, muka je aka ce babu sabis, muka dawo muka sake komawa. In tsohonku yana kan ƙafarsa yau, ku yi masa NIN yau, kada ku bari sai ya kwanta.

Me katin yake yi? Ganin ma'aikacin lafiya, awon jini da na suga, maganin zazzaɓi da sauran cututtukan yau da kullum, in abu ya fi ƙarfinsu su rubuta takardar turawa babban asibiti. Wani lokacin za ka je a ce maganin kaza ya yanke sai ka saya a kemis, wannan yana faruwa. Famfas ɗin manya, ledar shimfiɗa, keken marasa lafiya, kuɗin mota, duk waɗannan daga aljihunku ne. Amma ko maganin hawan jinin nan na wata-wata kaɗai aka ɗauke muku ba ƙaramin abu ba ne, musamman tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 da komai ya yi tashin gwauron zabo. Kuma ga abin da na koya a makare: in za a yi rajista a nema wa mai jinyar ita ma. In gurbin kyauta bai samu ba, hukumomin nan suna da tsarin da mutum zai biya na shekara a ba shi kati, 'yan'uwa su haɗa su biya mata. Duk ranar da aka auna jinin tsoho a miƙa hannunta ita ma a auna.

Ta ɓangaren kuɗi a hannu kuwa Jigawa tana da tarihi. Tun 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan masu buƙata ta musamman naira 7,000 duk wata, kuma tsarin ya rayu bayan gwamnatinsa, wanda ba kasafai ake ganin haka ba a ƙasar nan. Tsohon da ya makance ko ɓarin jikinsa ya shanye yana da hujjar da za a nema masa shiga. Gwamnatin Umar Namadi kuma ta ƙara da tallafin wata-wata na tsofaffi marasa galihu, ana ɗaukar mutum kaɗan daga kowace mazaɓa. Kuɗin ba zai riƙe gida ba, kowa ya san farashin kwanon gero, amma yana sayen sabulu da omo da 'yar madara. Hanyar tambaya ita ce sashen walwalar jama'a na sakatariyar ƙaramar hukuma, da kansila, da dagaci. Akwai kuma rajistar marasa ƙarfi ta ƙasa wadda daga cikinta aka riƙa biyan naira 5,000 a wata a zamanin Buhari, daga baya a 2023 aka sanar da naira 25,000 duk wata har tsawon wata uku. Ita wannan rajistar gida-gida ake yi, jama'ar gari ne suke nuna waɗanda suka fi talauci, to in an zo a tabbata gidan da yake da tsoho a kwance bai faɗi a lissafi ba. Kuma don Allah duk wanda ya kira ku a waya ya ce ku turo kuɗi ko lambar sirrin katin banki zai saka tsohonku a tallafi, ɓarawo ne, ku kashe wayar.

Wanda tsohonsa ya yi aikin gwamnati, malamin firamare ne ko masinja ko ma'aikacin gona, fansho haƙƙinsa ne kuma yana ci gaba ko yana kwance. Abin da yake tsayar da shi yawanci tantancewa ce, a kira a ce kowa ya zo a gan shi, mai jinya ba ta ji ba ko ba ta da yadda za ta kai shi, sai kuɗi ya tsaya. Ɗaya daga cikin 'ya'ya ya ɗauki wannan a matsayin aikinsa, ya adana takardun a leda guda, ya je ofishin fanshon ya sanar cewa mutumin nan ba ya iya tashi, ya tambayi yadda ake tantance irinsu. 'Yan tsohon tsarin fanshon tarayya da suke ƙarƙashin hukumar da take biyansu, wato PTAD, su ma yanzu ta waya ake tabbatar da suna raye, da hoton fuska.

Yanzu in zo kan wadda ni a ganina ta fi duk waɗannan ƙarfi a karkara in da za mu tsara ta, wato zakka. Kano tana da hukumar zakka da hubusi tun 2003, a Jigawa kuma masarautu ne suke riƙe da abin ta hannun kwamitoci har zuwa kan hakimai da dagatai, masarautar Dutse ta yi suna a kan wannan tun zamanin marigayi Sarki Nuhu Muhammad Sanusi. Mu manoma mun san hukuncin, abin da ruwan sama ya shayar in ya kai nisabi ɗaya cikin goma ake fitarwa, dami goma a cire ɗaya, na noman rani da aka sha wahalar ban ruwa kuma rabin haka. Hatsi ne mai yawa yake fita daga garuruwanmu duk kaka. Amma sau nawa ake tunawa da gidan da mace take jinyar tsoho ta kasa fita ko roron gyaɗa? Ita ba za ta zo layi ba, kunya da aiki ba za su bar ta ba, sai in wani ya kai sunanta wajen liman ko dagaci.

Akwai wata mas'ala da wani malami a garinmu ya warware min wadda ta canza yadda muke yi a gidanmu. Ya ce ɗa ba zai ba iyayensa matalauta zakkarsa ba, saboda ciyar da su dama wajibi ne a kansa in yana da hali, kuma a fiƙihunmu na Malikiyya wajibin nan yana kan 'ya'ya masu hali, maza da mata. Amma 'yar'uwarka matalauciya wadda ciyar da ita ba ya kanka, ya halatta ka ba ta zakkarka, har ma ka samu ladan sada zumunci a kai. Kun ga kenan Yaya da ta bar sana'arta ta zauna da Baba, ga marayu a gabanta, ta fi kowa cancantar zakkar 'yan'uwanta, mu kuwa shekara da shekaru muna ɗauka muna kaiwa nesa. Ya kuma ce hidimar da matar ɗa take yi wa surukanta kyautatawa ce da neman lada, nauyin na 'ya'yan da aka haifa ne. Wannan maganar ya kamata a riƙa faɗinta a kan mumbari, don akwai matan da ake yi wa gori da barazanar saki a kan aikin da asali na mijin ne. Ayar Suratul Isra'i da ta hana a ce wa iyaye ko "uf" in tsufa ya riske su, da ɗan take magana, ba ta ce ya miƙa wa matarsa ya tafi ba. Kowa ya tambayi malamin garinsu ya ji.

Asibitoci kuma gara mutum ya san inda zai dosa kafin ya ƙona kuɗin mota. Ƙashi da karaya, musamman tsohuwar da ta zame a banɗaki ƙugu ya karye, asibitin ƙashi na Dala. Ido, yanar da take rufe wa tsofaffi gani aiki ne na ɗan lokaci kuma mutum ya dawo yana gani, akwai asibitin ido na ECWA da na Makka a Kano, kuma a kasa kunne a rediyo don ana yawan yin aikin ido kyauta a manyan asibitocin jiha. Tsohon da ya dawo yana gani ya kai kansa bayi ya rage wa mai jinya rabin aiki. Shanyewar ɓarin jiki da gashin ƙashi, akwai asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala, a Jigawa ga Rasheed Shekoni a Dutse ga asibitin tarayya na Birnin Kudu. Sashen kula da tsofaffi zalla kuwa sabon abu ne a ƙasar nan, na farko a Ibadan aka buɗe shi a 2012. Gidan ajiye tsofaffi ba al'adarmu ba ce kuma ba na fatan ta zama, gidan gajiyayyu irin na Shahuci a Kano na waɗanda ba su da kowa ne.

In an je asibiti kada a dawo da magani kawai, a dawo da ilimi. Wannan shi ne taimakon da ba a biya kuma ba a nema. Mai jinyar ce ya kamata ta shiga wajen likita, ba wanda ya biya kuɗin mota ba, don ita za ta yi aikin. Ta ce wa mai gashin ya nuna mata da hannunsa yadda ake motsa kafaɗa da gwiwa da yatsu, wani ya ɗauka a waya a riƙa kallo a gida. Mu babu wanda ya gaya mana cewa wanda ba ya iya juyawa da kansa ana juya shi kamar duk bayan awa biyu, sai da gyambon kwanciya ya fito wa Baba a ƙugu, ya fara da ɗan ja kamar ƙunar rana, kafin wata guda ya zama rami, mun fi wata biyar muna wanki da ɗauri. Da mun sani da matashin kai biyu da tsumma mai laushi tsakanin gwiwoyi da shimfiɗa busasshiya sun wadatar. Haka ba shi abinci, a zaunar da shi sosai, kunu mai ɗan kauri ya fi ruwa tsululu sauƙin haɗiya ga wanda yake ƙwarewa, kuma kada a kwantar da shi nan take. Ɗagawa kuma mutum biyu da zani a ƙarƙashinsa, a durƙusa da gwiwa ba a sunkuya da baya ba, bayan Yaya har yau bai dawo daidai ba. Maganin hawan jini ba a dainawa don an ji sauƙi. Haɗin maganin ciwon jiki da ake ƙullowa a leda a kasuwa yana cin ciki da ƙodar tsoho, a guje shi. Ko a ibada addini ya sauƙaƙa, wanda ruwa zai cutar ko ba ya iya kaiwa gare shi ya yi taimama, ya yi salla a zaune ko a kwance, ba sai an ciccibe shi sau biyar ba.

Sai gigin tsufa, wanda shi ne ya fi cinye zuciyar mai jinya. Tsohuwa ta ci abinci yanzu ta ce an hana ta, ta ɓoye kuɗinta ta manta ta ce matar ɗanta ce ta sace, ta tashi tsakar dare ta ce za ta tafi gidan ubanta wanda ya rasu shekara 50. Ɗa ya dawo daga ci-rani ya ji uwarsa tana kuka tana cewa ana zaluntarta, sai ya hau matarsa da faɗa, aure ya mutu a kan cuta. Wasu kuma su ce aljanu ne ko sammu, mafi muni a ce tsohuwar mayya ce don tana sambatu tana kiran sunayen matattu. Jama'a cuta ce ta ƙwaƙwalwa, ba ta warkewa amma likita yana iya taimakawa da rashin baccin da firgicin, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano da na Kazaure a Jigawa, kuma zuwa can ba ya nufin an ce mahaifiyarka mahaukaciya ce. A bar musu da ita, in ta ce za ta gida a ce to Inna bari a sha kunu tukuna. A sa ƙararrawa ko gwangwani a ƙofa, a sanar da maƙwabta in sun gan ta a hanya. Amma a lura, tsohon da yake garau jiya yau ya wayi gari a rikice, wannan ba gigin tsufa ba ne kai tsaye, yana iya zama zazzaɓi ko ciwon fitsari ko ƙarancin ruwa a jiki ko suga ya faɗi, a kai shi asibiti a ranar, da yawa suna dawowa hayyacinsu.

Duk waɗannan ƙofofin in ka haɗa su za su ba ka magani da ɗan hatsi da ɗan kuɗi, amma babu wadda za ta ba Yaya bacci. Wannan sai mu. Bayan faɗuwarta muka zauna mu bakwai a zauren Baba da kawunmu a tsakiya, aka yi maganar da aka shekara biyu ana kauce mata. Ba a rabu lafiya ƙalau ba a zaman farko, akwai wanda ya ce shi ai yana turo kuɗi, kawu ya ce masa kuɗinka ba ya juya mahaifinka da daddare. Abin da muka tsayar shi ne kowane namiji yana da darensa, wanda yake Kano ya zo ranar Asabar ya kwana ko ya biya wanda zai kwana a madadinsa, wankan Baba da kai shi bayi ya koma hannun maza wanda dama shi ya fi masa sutura, shi kansa ya fi sakewa. Kuɗin da ake turowa aka raba biyu, na magani daban, na Yaya daban, nata ne ba na cefane ba kuma ba a tambayarta me ta yi da shi. Muka sayi jarkoki muka yi magana da mai kurar ruwa. Wata jikar Baba da aka cire daga makaranta aka mayar da ita. Matan maƙwabta da suke adashi tare da ita suka ce su ma za su riƙa karɓar mata surfe da niƙa, dama can gayya muka gada, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kawai ba mu saba kallon jinya a matsayin aikin da ake kiran gayya a kansa ba. Liman ma ya fara sanarwa bayan sallar Juma'a cewa a riƙa leƙa gidajen da suke da marasa lafiya a kwance, kuma aka ware wani abu daga asusun masallaci aka sayi keken marasa lafiya guda ɗaya da yake zagayawa gida-gida.

Muka kuma ce ranar Juma'a gaba ɗaya ta Yaya ce, ta je inda take so. Juma'ar farko na ɗauka za ta tafi ganin 'yarta da take aure a ƙauyen gaba da mu, har na sa an zuba wa mashin mai. Ba ta je ko'ina ba. Ta shiga ɗakin maƙwabciyarmu ta shimfiɗa tabarma tun hantsi, ba ta farka ba sai da aka kira la'asar, ta fito da sauri mayafi a hannu ko takalmi babu, tana tambayata ko an juya Baba. Na ce mata an juya shi sau uku Yaya, ya sha kununsa, koma ki kwanta.